Makarantar da Za Ki Sa Sadik

Unguwar Madaki,
Gombe.

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya, kin taka ƙasar mutane da ƙafar dama. Allah ya tsare ki, ke da mijinki Nasiru da abokin faɗana Sadik, daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ki gaishe min da Nasiru, ki ce masa amanar da ya bar mana ga ta nan mun mayar masa, kuma ya duba da kyau, ba ta rame ba.

Za ki tsinci takardar a jakar da innarki ta cusa kuka da daddawa. Na naɗe ta a leda biyu, in duk da haka ta ɗauki wari ki yi haƙuri, warin gidanku ne. Ba labari zan ba ki ba, don ina rubutun nan ina jiyo muryarki daga ɗakin innarki, kuna gardama a kan tukunyar da ta ce sai kin tafi da ita Amurka. Magana ce da na kasa faɗa miki baki da baki.

Ranar Juma'a da dangi suka taru yi miki sallama, kin ce Nasiru ya samo makarantun firamare biyu na gwamnati kusa da gidan da za ku zauna. Ɗaya Turanci zalla take koyarwa. Ɗayar kuma da harshe biyu, wasu darussan da Turanci wasu da Sifaniyanci, saboda maƙwabtanku da yawa a can shi ne harshensu na gida. Kin ce da kin isa za ku zaɓa. Kika juyo kika ce, "Baffa, ya ka gani?" Na ce miki Allah ya zaɓa mafi alheri. Addu'a ce mai kyau, amma ni na san gudu na yi.

Sai kika ce, "Ni dai ta Turancin nake so. Yaro ɗan shekara biyar, in aka haɗa masa harsuna kansa zai ruɗe. A gida ma Turanci za mu riƙa yi masa har ya kama."

Innarki ta ɗago ta dube ni, ni kuma na dubi kofin shayina. Ta san abin da na ji. Maganata ce wannan, Uwani, kalma da kalma, na yi ta a tsakar gidan nan kina shekara shida. Ban taɓa zaton za ta yi shekaru tana yawo sannan ta fito ta bakinki ba.

Ba ki san Madakin wancan lokacin sosai ba. Gidaje jefi-jefi ne, da damina masara ta fi mutum tsawo tsakanin gidanmu da masallaci, kuma kowa ya san akuyar kowa. Ni ina akawu a kamfanin auduga, ina da keke da biro uku a aljihun gaba, ina jin babu kamar ni. A rugar da ke bayan Kwadon aka haife ni, da Fulatanci na buɗe baki, Hausa a makaranta na tsince ta, Turanci kuwa da bulala ya shiga. Ke ma da Fulatanci kika fara kirana. Da kika isa shiga aji ɗaya muka sa ki a firamaren gwamnati ta unguwa. Kullum da safe Chinyere, 'yar Mista Obi kafinta da ke haya jikin gidanmu, takan tsaya a ƙofa ta ƙwala miki kira, ku tafi riƙe da hannun juna, allo a hammata, ƙosai a takarda. Har yau in na ji yara suna wucewa da safe sai na ɗaga labule.

Wata Asabar ogana na ofis, wani Bakatsine mai son raha, ya zo gaishe ni. Na kira ki don in yi taƙama da ke. Na tambaye ki da Turanci me aka koya muku. Kika gyara tsayuwa, kika ɗauko magana da Turanci, kika bi ta cikin Hausa, kika sauke ta da Fulatanci, fuskarki fes, kina jiran yabo. Mutumin nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Kai Malam Buba, wannan 'yar taka ai kasuwar Kwadon ce guda!" Ya ciro alewa ya ba ki, ya shafa kanki. Wallahi bai nufi komai ba. Ni ne abin ya yi wa zafi. Na ga kamar ya leƙo rugar da nake ɓoyewa a bayan biro ukun nan.

Kafin zangon ya ƙare na cire ki daga makarantar, na kai ki wata ta kuɗi a GRA, unguwar manya, na kuma kafa doka cewa ba a ƙara yi miki Fulatanci a gidan nan. Innarki ta ce, "Malam, yarinya tana haɗa harsuna ne don tana da su. Wanda ba shi da su me zai haɗa?" Na ce mata, "Ke me kika sani a harkar boko?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Cikin duk maganganun da na yaɓa wa matar nan, wannan ce ta fi damuna, don ita ce mai gaskiya kuma ta bar min.

To abu na farko ke nan. Kafin ki zaɓa wa Sadik makaranta, ki zauna ki tambayi kanki, tsoron wa kike ji? Shi kike ji wa, ko kunyar da za ki ji ranar da zai buɗe baki gaban baƙi ya haɗa Hausa da Turanci da Sifaniyanci? Zai haɗa, ina tabbatar miki. Wani zai yi dariya. Ki bar shi ya yi, ke ma ki taya shi, sannan ki ce wa yaron ya ƙarasa maganarsa. Kuma duk wadda kuka sa shi, kada ki yanke mata hukunci a zango ɗaya kamar yadda na yi. Yaro yakan yi shiru, ya yi kamar ya koma baya, sai wata rana ki ji shi yana faɗa da ɗan maƙwabta da harshen da kike cewa bai iya ba.

Yadda na zaɓi makarantar GRA ɗin ma abin dariya ne. Na je da safe, na ga ƙofa mai fenti, na ga furanni a gwangwani, na ga yara maza da ɗamarar wuya kamar ƙananan alƙalai. Hedimasta ya zaunar da ni a kujera mai laushi, ya yi min Turancin da rabinsa ya wuce ta saman kaina, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don kada ya gane. Na fito ina cewa na samu makaranta. Ban leƙa aji ba, ban yi magana da uwar yaro ko ɗaya ba. Sai da kika kai aji huɗu na ji cewa duk wanda aka kama yana yaren gidansu sai ya yi durƙuso a rana, kuma wai ke ce mai rubuta sunaye. Kika faɗa min kina murna. Ni ma, Allah ya yafe min, na ce kin kyauta.

Saboda haka kada ki je makarantun nan da safe kaɗai, lokacin da kowa ya wanke fuska. Ki koma lokacin tashi, ki tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani. Ki ga yadda yara ke fitowa, da gudu da ihu ko sun sunkuyar da kai. Ki nemi wata tsohuwa da ta zo ɗaukar jikanta wadda ba ta jin Turanci, ki ga yadda malamai ke mata magana. Yadda suka yi mata, haka za su yi wa innarki in ta zo muku. Ki tambaye su kai tsaye, yaron da ya zo da harshen da ba Turanci ba kuma ba Sifaniyanci ba, me kuke yi da shi a watannin farko? Da wane harshe zai fara haɗa baƙi? Malaman suna daɗewa ko kowace shekara sababbi ne? Ki faɗa musu sunansa, ki ji ko za su yi ƙoƙarin furta shi daidai ko za su yanke masa wani. Maganar abinci da salla kuwa na san ba sai na tuna miki ba, innarki ta riga ta cika miki kunne.

Kada ki ɗauka ina tallan Sifaniyanci ne. Ko gaisuwarsu ban iya ba, kuma ban san amfanin da zai yi wa Sadik ba, sai dai na san mutum ba ya asara don ya iya gaida maƙwabcinsa da harshensa. Abin da ya ja hankalina ga makarantar nan daban ne. Wurin da aka saba ganin yaro ya zo da wani harshe daga gida, ba za a ɗauki Sadik a matsayin mai lalura da ake buƙatar gyarawa ba. Zai tarar da abokai da su ma da wani yare kakarsu ke musu faɗa. Ba zai girma yana jin abin da ake yi a gidansu abin ɓoyewa ba ne. Amma ke za ki gani da idonki, ni zato nake daga Madaki. In kin je kin tarar suna ne kawai babu koyarwa, ki sa shi a ɗayar, ba zan ce uffan ba.

Ba kuma zan yi miki ƙarya in ce makarantar GRA ba ta yi miki komai ba. Turancinki ya kai ki inda nawa bai kai ni ba, na yi alfahari da ke a wurare da yawa. Sai dai ki dubi Chinyere. A firamaren unguwa ta ƙare, a kan bencin da na raina. Yau ga ta da kantin magani a cikin gari, tana yi wa uwarta Ibo, ta yi wa innarki Hausa, ta yi wa dillalan magani Turanci, in tsoho ya shigo daga ruga ta yi masa bayanin ƙwayoyinsa da Fulatanci. Ban ga inda kanta ya ruɗe ba. Kuma kin san a bakin wa ta koyi Fulatancin? A bakin Dada.

Nan ne maganar take, kuma nan ne biro ke min nauyi.

Dada ta haife ni, sunanta aka sa miki, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki na yanka ba sai Uwani. Kin tuna ta, doguwa, siririya, ga ƙwaryar da ba ta yarda kowa ya wanke mata. Bayan kaka takan zo mana ta yi wata guda. Hausarta ta kasuwa ce, ta gaisa, ta yi ciniki, ta ce Allah ya sawwaƙe. Amma raha da tatsuniya da zolaya, duk a Fulatanci suke, kuma matar nan ta iya zolaya, in ta sa mutum gaba sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Kina ƙarama takan ɗora ki a cinya ta ce kin sace mata suna, sai kin biya da ɗan maraƙi, ke kuma ki murguɗa baki ki rama. Bayan dokata, shekara biyu ba ta cika ba kika daina ramawa. Kina jin sautin, ma'anar ta tafi.

Ta yi ƙoƙari ta biyo ki da Hausa. Wata rana ta yi miki magana ta karkace, kika ƙyalƙyale da dariya kika gyara mata, irin ta yara, ba da mugunta ba. Dada mace ce mai kunya da jin kai. Daga ranar ba ta ƙara yi miki doguwar Hausa ba. Ita kuwa Chinyere babu wanda ya kafa mata doka, kullum tana gindin tabarmar Dada tana taya ta tsinke zogale, tana kwasar magana. Na taɓa dawowa daga aiki na tarar su biyun suna ta shewa, Dada na cewa sai ta aurar da ita ga wani makiyayi mai saniya ɗaya gurguwa, Chinyere na cewa sai dai mai ɗari. Ke kina zaune a bakin ƙofa da littafinki, kina kallonsu. Kika ce, "Baffa, me suke cewa?" Na ce, "Shirme ne, yi karatunki." Na jingine keke na shige ɗaki.

Daga nan na zama tafinta tsakanin uwata da 'yata. Kuma mugun tafinta, don gajarce magana nake yi. In ta zolaye ki sai in ce tana gaishe ki. In ta ba ki labarin ƙuruciyarta sai in ce ta ce ki riƙa jin magana. A gajiye nake, ina ganin ba wani abin a zo a gani ba ne, ina kuma jin kunyar in tsaya ina fassara abin da ni na hana ki ji. Kika tashi kina ɗaukar Dada tsohuwa ce mai yawan wa'azi, alhali a duk danginmu babu mai ban dariya kamarta.

Zuwanmu na ƙarshe wurinta kina aji uku na sakandare. Ƙafa ta riga ta hana ta zuwa Gombe, muka je Kwadon da rana tsaka, muka same ta a inuwar mangwaro. Da za mu tafi bayan la'asar ta kama hannunki ta riƙe, ta yi magana mai tsawo tana kallon fuskarki. Kika dube ni. Na ce, "Ta ce Allah ya yi miki albarka, ki dage da karatu." Kika ce amin, kika durƙusa kika yi mata sallama, kika nufi mota. Na san kin tuna wannan, don kin sha faɗa wa mutane cewa addu'a ce maganarta ta ƙarshe gare ki.

Ba haka ta ce ba. Ga abin da ta ce, yau na biya ki shi. Ta ce, "Takwara, kin ɗauki sunana na bar miki. Kin ɗauke min ɗa ya zauna birni, na bar miki. Labaraina ne kaɗai na tara miki, kin ƙi zuwa ki karɓa." Da dariya ta faɗi wannan. Sannan dariyar ta ɗauke, ta ce da ni, "Buba, tambaye ta. Ƙyamata take yi ne? In warin nono ne, ta faɗa min in yi wanka."

Na kasa, Uwani. Na kasa juya wannan zuwa Hausa in faɗa miki, don amsar ba a wurinki take ba, a wurina take. Shi ne na ce albarka da karatu. Na manta cewa Hausar kasuwa ma ta isa mutum ya gane an sauya masa magana. Da kika ba da baya, ta dube ni, ta ce da Hausa, a hankali, "Ba haka na ce ba." Ta gyara mayafinta ta ce mu gaida gida. Kafin damina ta faɗi Allah ya karɓi abarsa, kuma ta tafi ba ta ji amsar tambayarta ba.

Ban faɗa miki wannan don ki yi kuka ba, ko da yake na san za ki yi, ni ma ga shi sai da na cire tabarau. Ba ki da laifi ko na ƙwayar gero. Kin so ta, na sani, na ga yadda kika riƙe ƙwaryarta har yau. Na faɗa miki ne don ki san abin da ake biya in an rufe wa yaro harshe ɗaya don a buɗe masa wani. Ba a ganin sa a takardar sakamako. Sai an yi shekaru, a inuwar wata bishiya, lokacin da babu sauran gyara.

Turanci zai zo wa Sadik ko kin so ko kin ƙi, yana titi, yana talabijin, yana bakin kowa a can. Sifaniyanci in makarantar ta yi miki, ki bar shi ya kwasa, kansa zai ɗauka. Hausa ce ba ta da kowa a ƙasar nan sai ke da Nasiru. In kun rufe ƙofar gida, ku yi masa ita. Ku yi masa faɗa da ita, ku yi masa wasa da ita, in ya amsa da Turanci ki ce ba ki ji ba. Zai yi fushi, ya yi ta yi.

Ni ma fa Turancina na ofis ne. Zan iya rubuta takardar neman hutu da shi, ba zan iya tsokanar jikana da shi ba. Jiya da na ce masa zan ƙwace innarki in bar shi ba mata, ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai tsoho, ai ta ce ni take so, kai haƙoranka sun ƙare!" Wannan nake so in sake ji in kun dawo, ko ta waya, daga bakinsa zuwa kunnena. Kada ranar ta zo da zan yi masa magana ya juya ya dube ki yana jiran fassara. Na san me tafinta ke yi in ya ji nauyin magana, kuma ke 'yata ce, tausayina za ki ji ki gajarce.

Ki yafe min, Uwani. Na nemi gafarar Dada a addu'a ba adadi, taki ce ban taɓa nema ba sai yau.

Allah ya kai ku lafiya ya zaunar da ku lafiya. Allah ya haɗa Sadik da malamai masu tausayi da abokai na gari, ya buɗe masa ƙirji da harshe. Allah ya tsare muku imaninku da lafiyarku a inda ba mu kusa, ya sa in da rabon mu sake ganawa mu gana cikin alheri. Ya jiƙan Dada, ya kai haske kabarinta.

Ki ce wa abokin faɗana ina nan ina jiran kiransa, kuma ya zo da bakinsa.

Mahaifinki,
Baffa